Mai Lasar Dutse a Bakin Rijiya

Mu mutanen Zangon Kumasi muna da wani ɗan aibi, kuma ban cire kaina ba: ba mu iya ganin mutum ya yi shiru mu bar shi ba mu samo masa cuta ba. In ya rame mu ce sammu ne, in ya yi ƙiba mu ce a binciki aljihunsa. To shi Iliasu bai tsaya a shirun ba ma, har da lasar dutse ya haɗa.

Iliasu ma'aikaci ne a wurin Turawan binciken ƙasa, waɗanda ke bin daji suna neman abin da Allah ya ɓoye a ƙarƙashin gonakin mutane. Da ɗaukar guduma ya fara tun yana saurayi, har ya kai shi ake turawa cikin ramin gwaji. Ramin nan kamar rijiya yake, matsattse, da 'yan matakai da aka sassara a jikin bango. Mahaƙa su haƙa su fito, shi kuma ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya karanta ƙasar hawa-hawa, ya sassaro samfur daga kowanne, ya fito ya faɗa wa Bature abin da ya gani. Lasar dutse kuwa cikin aikin take. In dutse ya jiƙe ƙwayoyinsa kan fito sarai, kuma harshe kan raba yumɓu da yashi tun ido bai gano ba. Baturen kansa yana lasa. Sai dai Bature a daji yake lasar nasa, shi kuwa Iliasu a zauren gidan haya, gaban mata masu wucewa ɗiban wuta.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, aka ce za a fara ɗora baƙar fata a kujerun da a da sai Turawa. Ofishin su Iliasu ya sa jarrabawa: wanda ya ci a tura shi kwas Tarkwa, ya dawo mataimakin mai bincike, da tantinsa da mutanensa. Aka ba shi hutu ya zo gida ya shirya, jarrabawa ranar Litinin mai zuwa. Sunayen duwatsu ba su dame shi ba, taswira ma haka. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne, duk wanda aka taɓa gwadawa a aikin nan a bakin rami aka ƙarasa gwada shi. A miƙa masa igiya a ce sauka ka gaya mana.

Shi kuwa rabonsa da shiga rami tun farkon damina.

A dajin bayan Nyinahin abin ya faru, inda suke bin jan dutsen da ake narkawa a yi sanholo. Yana can ƙasan rami bango ya saki. Ba wata ƙara, sai wani nauyi mai sanyi da ya rungume shi har wuya, hasken sama ya koma kamar bakin kwalba. Kimba, wani Bazabarme babban mahaƙinsu, shi ke riƙe da igiya a sama, shi ne kuma ya sauka ya tone shi da hannu, don ba damar ɗaga diga kusa da kan mutum. Iliasu ya fito ba ko ƙwarzane, har da raha, wai ƙasa ta ɗanɗana shi ta ji ba gishiri ta tofar. Aka yi dariya. Washegari ya ɗaura igiya, ya sa ƙafa a matakin farko, warin ɗanyar ƙasa ya taso masa, sai ya kasa sa ta biyu, ya dawo sama. Ya ce gwiwarsa ce ta bugu. Da wannan gwiwar ya ƙarasa aikin shekarar, yana ɗingishi in Bature na kusa, wani lokaci ma ya manta wace ƙafar ce.

Bai gaya wa kowa ba. Mai binciken ƙasa da ke tsoron rami, wa zai tura shi kwas? In maganar ta fita a Zango da safe, kafin azahar ta isa ofis, don masinjan ofishin ma a unguwar Akwatialine, nan kusa da mu, yake haya.

Gidan da Iliasu ke zaune na Alhaji Rafi'u ne, dillalin goro, kawun matarsa Barkisu. Alhaji ya gaji da sasanta rigimar mata a layin famfo, ya sa a haƙa rijiya a bayan gida. Mahaƙin kuwa ba wani ba ne, Kimba ne, wanda ya ajiye aikin Turawa bayan abin nan ba ko sallama. Rijiyar ta yi zurfi amma ba ta kai ruwa ba. Da Iliasu ya gan ta sai ya ce a ransa Allah ya kawo masa makaranta har gida.

Kullum da rana, in mahaƙa sun tafi cin wake da shinkafa, sai ya zagaya baya. Ya tsaya a baki ya leƙa. Ya ce yau ƙafa ɗaya kawai zan sa. Ya tsaya har zufa ta jiƙa rigarsa, leɓunansa na motsi, sannan ya juya ya koma zaure, ya ɗauki dutse daga akwatin samfur ɗinsa, ya lasa, ya kira sunansa da Turanci. Ɗaki kuwa ya daina kwana a ciki, sai baranda, wai zafi.

Ku haɗa da kanku. Mutum ya dawo daga dajin Asante ba ya barci, yana lasar dutse yana yi masa magana, kullum yana tsaye a bakin rijiya yana kallon ƙasanta. Yadda kuka haɗa, haka mu ma muka haɗa.

Ran Laraba ya nemi askarsa ya rasa.

"Barkisu, ina askata?"

"Wanzami na nan bakin masallaci, Malam."

"Askata na tambaya."

"Ta dushe."

Sai a lokacin ya lura igiyar shanya ma ta ɓace daga tsakar gida, wanki duk a kan katanga aka baza. Barkisu ta ajiye tsintsiya ta matso, ta rage murya.

"Malam, me ke cikin rijiyar nan?"

"Ƙasa."

"Ita kake zuwa gaisarwa kullum?"

"Aiki nake yi."

"Aikin tsayuwa? Na ga masu aiki a can, suna da diga. Kai hannunka wayam." Ta kama hannun ta riƙe. "Ka gaya mini. Ko mene ne, ka gaya mini."

Maganar ta taso masa har baki. Sai ya hangi matan maƙwabta biyu da ke tankaɗe a gefe, rariya ta tsaya cak a hannunsu, gari ya daina zuba.

"Jarrabawa ce," ya ce. "Ba komai."

Ta sake masa hannun a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Ran Alhamis bayan la'asar Alhaji Rafi'u ya aika a kira shi. Ya same shi a zauren goro, tsakanin huhuna, ma'aikata uku na zaɓe a gefe. Alhaji ba ya kiransa da suna, sai Kirachi, yadda ake kiran masu aikin ofis a nan.

"Kirachi, zauna. Ga goro. Wannan shi ake sa wa a baki, ka tuna?"

"Na tuna, Kawu."

"Madalla. An ce mini ka koma cin dutse."

"Lasa ce, Kawu, ba ci ba. Aikin ne haka."

"To. Lasa." Alhaji ya jinjina kai kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa. "Gobe in an sauko Juma'a za ka raka ni bayan Atonsu mu gaida wani malami. Na riga na yi maganar lori."

Ba wanda bai san gidan malamin nan ba a Zango. Akwai wani dogon ɗaki a bayansa, da gungumen icce a tsakiya, da marin ƙarfe na ɗaure mahaukata. Wanda aka kai gaisuwa can ba ya dawowa ranar. Wani sai bayan Sallah.

"Kawu, Litinin ina da jarrabawa."

"Rai ake da shi kafin a yi jarrabawa. 'Yar ƙanwata ba za ta yi takaba a gidana ina kallo ba. Ka faɗa mini abin da kake nema a rijiyata, yanzun nan in soke lorin."

Masu zaɓen goro sun sunkuyar da kai, amma hannuwansu sun daina aiki. Ɗaya daga cikinsu da masinjan ofis a inuwa ɗaya suke dara.

"Ba komai, Kawu."

"Shi ke nan. Ba komai ɗin za mu kai a duba."

Da ya fito, biyu daga cikin ma'aikatan suka biyo shi suka zauna a benci a ƙofar gida, wai shan iska. Ya zagaya baya ya tarar an rufe rijiyar da langa-langa. Don kada iska ta ɗauke, an danne shi da duwatsu. Duwatsun jarrabawarsa ne, an juye akwatin kaf.

Da hantsin Juma'a lorin goro ya iso daga ƙauye, duk wani namiji mai ƙarfi a gidan ya koma sauke kaya, har da masu shan iskar. Iliasu ya zame ya yi baya. Kimba na durƙushe yana haɗa digarsa da bokiti, tunda an dakatar da aikin.

"Kimba, ka riƙe mini igiya."

Kimba bai ɗago ba. "A'a."

"Ba ka ji dalili ba."

"Na san dalili. Na ga gwiwarka a Nyinahin. Yau hagu, gobe dama."

Iliasu ya ji kunya ta sauko masa tun daga tsakar ka. "To tunda ka sani, ka riƙe."

"Kai ka ɗauka me ya sa na bar aikin Bature?" Kimba ya ajiye digar. "Shiga rami, ko yanzu sai in shiga. In ina ciki, abin da ya faɗo ni ya faɗo wa. Amma in tsaya a sama, igiya a hannuna, mutum a ƙasa..." Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. "Ranan nan igiya ta yi nauyi, sai ta daina motsi. Har yau ko igiyar akuya na riƙe, shi nake ji. Tun da na fara rijiyar nan ban riƙe wa kowa ba koraa, ko sau ɗaya. Ni ke shiga, su ke sama."

Iliasu ya tsaya yana kallonsa. Wata da watanni yana zaton shi kaɗai ramin nan ya ƙi saki.

"To ga mu nan," ya ce. "Mai tsoron ƙasa da mai tsoron sama."

"Bahaushe. Bakinka kaɗai ƙasa ta kasa rufewa."

"In an sauko Juma'a mari za a sa mini, Kimba. Litinin ina kan gungume."

Kimba ya ture bokitin gefe. Sannan ya miƙe ya fara kwashe duwatsun daga kan langa-langan, ɗaya bayan ɗaya.

Suka naɗa igiya a iccen da aka gitta a bakin rijiyar. Iliasu ya ɗaura ɗayan bakin a ƙugu, ya yi bisimilla, ya juya baya ya sa ƙafa a matakin farko. Warin nan ya taso. Ya cije haƙora ya nemi na biyu. Bai kalli sama ba, bai kalli ƙasa ba, bango kawai. Ƙirjinsa ya wuce baki, kansa ya wuce, hayaniyar masu sauke goro ta koma can nesa kamar a wata unguwa. Numfashi yana shiga da kyar, amma yana shiga. Ya kai wajen rabi.

Sai wata mata da ta zagayo zubar da ruwan wanke-wanke ta ƙwalla ihu.

"Wayyo jama'a! Kirachi ya faɗa rijiya! Ya faɗa!"

Ta cikin bangon ya fara jin su, tun kafin ya ji muryoyi: dirin ƙafafu, ƙasa na amsawa a tafin hannunsa. Kawuna suka rufe bakin rijiyar, haske ya ɗauke. Sai ƙasa ta fara zubowa. 'Yar kaɗan ce, daga ƙarƙashin ƙafafun masu leƙe, amma ta sauka a kansa ta gangara wuyan rigarsa, mai sanyi, daidai inda waccan ta tsaya. Hannuwansa suka ƙage. Wani a sama ya cafki igiyar ya fizga, ƙafarsa ɗaya ta zame daga mataki, ya bugi bango da kafaɗa, wata ƙasar ta sake zubowa, da tsakuwa a ciki.

"Ku jawo shi!" Muryar Alhaji ce. "Ku jawo shi da ƙarfi!"

"Ku saki!" Kimba ne, da wata murya da Iliasu bai taɓa jin sa da ita ba. "Ku ja baya! Bakin bai da ƙarfi, za ku rufe shi!"

"Kai ma ka haukace ne? Mutum zai kashe kansa kana riƙe masa igiya?"

"Ba kashe kansa zai yi ba! Rami ya taɓa rufe shi a daji har wuya, ni na tono shi da hannuna! Tsoro yake ji, Alhaji, tsoro! Shiga yake koya, Litinin za a gwada shi!"

Rijiya kan ƙara wa magana amo. Sirrin da Iliasu ya yi ɗingishin ƙarya dominsa, ya yarda a kira shi mahaukaci dominsa, haka ya sauko masa daga sama, kowace kalma sau biyu.

Sai ya ji muryar Barkisu.

"Kawu, da girmanka, ka ja baya. Kowa ya ja baya. Wanda na ga ƙafarsa a nan, da taɓarya za mu gaisa."

Dirin ƙafafu ya janye. Haske ya dawo, da kai ɗaya tak a cikinsa. Ta kwanta ruf da ciki a bakin rijiyar.

"Malam."

Ya ƙara manne wa bango, idanunsa a rufe.

"Malam, ka ce mini aiki kake yi. To yi in gani. Mene ne a gaban hancinka?"

Ya buɗe ido. Bangon na nan dab da fuskarsa, bai motsa ba.

"Marmara," ya ce.

"Ban ji ba."

"Marmara! Ja ce, da tsakuwa a ciki."

"Ƙasa da ita fa?"

Ba ya iya gani sai ya sauka. Ya laluba da ƙafa ya sami matakin da ya kuɓuce masa, ya sami na ƙasa da shi.

"Yumɓu ne. Rawaya, da ɗigo-ɗigon ja."

"Ka lasa?"

Wani a can baya ya tuntsire da dariya, aka yi masa tsawa. Iliasu ya ɓantaro kaɗan da farce ya kai baki.

"Yana kama harshe. Ba yashi a ciki."

"To. Sai me?"

Haka ta riƙa tura shi ƙasa, kamar mai cinikin atamfa a kasuwa, a sauko mini da wannan, a'a, wancan na ƙasa. Yumɓun ya yi fari, ya koma ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali, wanda ke marmashewa a hannu. Ya faɗi sunansa da Turanci, ta ce ya ajiye Turancin sai Litinin. Yana cikin neman wani matakin sai ƙafarsa ta taka ƙasa.

Ya tsaya. Tsoron bai tafi ba. Yana nan tare da shi a ƙasan rijiyar, kamar baƙon da ya ƙi tafiya, sai dai ya ɗan matsa ya ba shi wurin tsayawa. A ƙugunsa ya ji igiyar na ɓari, kuma ba daga jikinsa ɓarin ke zuwa ba. Ya kama ta ya girgiza.

"Kimba! Tana motsi, ka ji?"

"Na ji," in ji Kimba da dasasshiyar murya. "Kada ka daina."

Daga can nesa Alhaji ya yi gyaran murya. "Tambaye shi, akwai ruwa?"

"Kawu ya ce akwai ruwa?"

"Ki ce masa da saura."

"Ya ce da saura."

"To wannan kam da hankalinsa," in ji Alhaji. "Haka Kimba ke ce mini kullum."

Da ya fito, Kimba ya zube zaune a ƙasa, tafin hannunsa duk ya saluɓe. Alhaji ya aika a soke lorin. Bai ba da haƙuri ba, ya dai ce lasar nan a riƙa yin ta a ɗaki, zaurensa wurin ciniki ne. Barkisu ta karkaɗe zaninta ta shige. Da ya biyo ta, ta fito da aska da igiyar shanya daga ƙarƙashin matashinta ta zube a gabansa.

"A kansu nake kwana tun ran Laraba. Kimba ya sani, rijiya ta sani, ni ce baƙuwar gidan."

Ta miƙa masa bakin igiyar ta ce ya ɗaura a ƙusar can, wanki na jira.

Kafin liman ya hau mumbari labari ya kai Akwatialine. A ƙofar masallaci masinjan ofis ya tare shi da "Sannu da rami, Kirachi." Iliasu ya amsa, ya jira ya ji ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Asabar ya sake shiga rijiyar, Lahadi ma haka, Kimba na sama, suna zagin juna tun daga baki har ƙasa. Ya koma kwana a ɗaki, ƙofa a buɗe.

Ran Litinin ya sa tsohon kakinsa na shiga rami, ya naɗe igiyar Kimba a jaka don bai yarda da ta ofis ba. Aka shigar da shi wani ɗaki mai fanka. Masu jarrabawa biyu na bayan tebur, a gabansu faranti cike da duwatsu da taswira a shimfiɗe. Ya kira sunayen duwatsun, ya lashi ɗaya, ba wanda ya ko ɗaga gira. Ya karanta taswirar. Sannan ya gyara jakarsa a kafaɗa, yana jiran a ce a fita waje. Sai aka miƙo masa hannu aka ce ya shirya kayansa, yana cikin masu tafiya Tarkwa.

Ba wanda ya ambaci rami. Tun watan da ya wuce ofis ya sayo injin huda ƙasa, an daina shiga.